Kafin ka danna Reset: yadda ake kula da rautar gida da gano abin da ke damunta

Wata ranar Juma'a da la'asar gwaggota ta kira ni. "Kai ɗan nan, akwatin nan naku ya mutu, zo ka ɗauka ka kai wa masu gyara." Da na je, sai na tarar da rautar, wato akwatin da ke raba intanet a gida, a cikin kabat ɗin talabijin, an lulluɓe ta da ɗankwali don kada ƙura ta shige ta, an kuma ja ƙofar gilashi an rufe. A watan Afrilu ne fa. Na ɗora hannu a kanta, na ji kamar na taɓa murfin tukunya. Na cire ta daga wuta, na bar ta ta huce kamar minti 20, na ɗora ta a saman kantar ɗakin kusa da taga, na kunna. Kafin in gama shan ruwan da aka kawo mini, jikokinta sun koma kallonsu.

"To me ka yi mata?"

"Iska na ba ta, Gwaggo."

Yawancin abin da ake kira lalacewar rauta irin wannan ne: zafi, ko wuta, ko mazauni, ko data ta ƙare, ko kuma kamfanin ne ba shi da sabis. Ita na'urar kanta ba ta cika mutuwa ba. Abin da ke ɓata aiki shi ne gaggawa. Mutum bai san inda ciwon yake ba, ya ɗauki tsinke ya soka a ramin Reset, wanda ke mayar da rauta yadda ta fito sabuwa, ya goge saitin da ba zai iya mayarwa ba.

Wayifai daban, intanet daban

Rauta tana aiki biyu ne. Ta baya tana karɓo intanet daga kamfani, ko ta layin da aka saka mata, ko ta kebul ɗin faiba da aka jawo daga falwaya, ko ta farantin Starlink da ke kan rufi. Ta gaba kuma tana raba abin da ta karɓo ga wayoyi da kwamfutocin gida ta iska, shi ne wayifai. Alamar nan mai kama da mafici da kake gani a saman wayarka ta cika, shaida ce kawai ta cewa wayar tana jin rauta da kyau. Ba ta ce komai ba game da ko rautar tana jin kamfani. Kamar famfo ne: bututun cikin gida lafiya lau, amma ba a sako ruwa daga madatsa ba. Don haka duk binciken da za ka yi, tambaya ɗaya kake neman amsarta, wato ta gaba aka yanke ko ta baya.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ɗauki wata wayar ka gwada. Idan ta yi, taka ce kaɗai ta ƙi, to ka bar rauta ta sarara. Kashe wayifai na wayar ka kunna. Idan bai yi ba, shiga jerin wayifai ka sa wayar ta manta da sunan na gidanku, ka sake shigar da kalmar sirri. Duba kwanan wata da agogon wayar ma, domin idan sun karkace shafuka da yawa za su ƙi buɗewa suna kukan tsaro. Idan kuwa kowa a gidan ƙorafi yake, sai a nufi wajen rauta.

Tsaya ka karanci fitilun kafin ka taɓa komai. Akwai ta wuta, akwai ta wayifai, akwai ta intanet wadda galibi hoton duniya ne a kanta, sannan mai layi tana da sandunan sabis. Launi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ja kusan ko'ina alamar matsala ce. A akwatin faiba akwai fitilar da aka rubuta LOS. Idan tana ƙyafta ja, hasken da ke bin kebul ɗin ne bai iso ba. Ko masu haƙa kwalbati sun tsinke shi, ko babbar mota ta ja shi, ko an lanƙwasa shi sosai a bayan kujera. Wannan ba gyaranka ba ne, kira kamfani. Kada kuma ka zare kan kebul ɗin ka leƙa cikinsa, hasken ba ya ganuwa amma yana iya cutar da ido. Ina ba da shawara ka ɗauki hoton fitilun nan a ranar da komai ke lafiya, ka ajiye. Ranar matsala sai ka kwatanta.

Sai kashewa da kunnawa, amma yadda ya kamata. Zare adaftar daga soket, ka ƙirga daƙiƙa 30, ka mayar, ka ba ta minti biyu zuwa uku ta gama tashi. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, tana da ƙwaƙwalwar da ke cushewa idan ta daɗe tana aiki, kuma mai layi idan ta tashi sabuwa tana sake neman turken sabis. Idan akwatuna biyu gare ka, na kamfani da taka rautar, fara kunna na kamfani, sai ya daidaita ka kunna taka. Wannan ba ya goge komai.

Idan har yanzu shiru, duba data. Abin dariya ne, amma na sha zuwa gidajen da matsalarsu ke nan. A Najeriya tun 2023 hukumar NCC ta daidaita lambobin kamfanonin waya: *323# na duba ragowar data, *312# na saye, 300 na kiran masu kula da kwastoma, *996# na batun haɗa layi da NIN. Layin da ke cikin rauta shi ma layi ne, idan ba a haɗa shi da NIN ba ana iya rufe shi. Tsarin da ake ce wa marar iyaka kuwa, yawanci yana da ma'aunin da in ka kai shi za a rage maka gudu har wata ya zagayo. Hanya mafi sauƙi ta wanke rauta daga zargi ita ce ka kashe ta, ka zare layin ka saka a waya. Idan a wayar ma babu intanet, laifin na layi ne ko na kamfani. Wani lokacin ma abin ya fi ƙarfin kamfanin. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul-kebul na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Najeriya. Allah kaɗai ya san rauta nawa aka goge a banza a ranar.

Shiga cikin rauta

Juya ta. A ƙarƙashinta akwai takarda mai ɗauke da sunan wayifai na asali, kalmar sirrinsa, adireshin shiga saiti, da sunan shiga. Ɗauki hoton takardar nan yau, domin zafi yana kodar da rubutun. Adireshin galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei masu layi kuma 192.168.8.1. Ka haɗa wayarka da wayifai ɗin, ka kashe datar wayar, ka buɗe burauza ka rubuta lambobin a inda ake rubuta adireshin shafi. Wannan ba ya buƙatar intanet. Buɗewar shafin kanta gwaji ce: in ya buɗe, tsakaninka da rauta lafiya, matsalar ta baya ce.

Idan rautarka mai layi ce, nemi shafin bayanin na'ura, za ka ga lambobi biyu da suka fi sandunan sabis faɗin gaskiya. Ta farko RSRP, ƙarfin sigina, kuma da alamar ragi take zuwa. Kusa da -80 abu ya yi kyau ƙwarai, -90 ba laifi, -100 an fara jan ƙafa, daga -110 zuwa ƙasa wahala ce. Ta biyu SINR, wato tsabtar siginar daga hayaniya. Sama da 13 ta yi kyau, kusa da sifili kuwa ko sanduna sun cika ba za ka ji daɗi ba. Yanzu sai ka samu doguwar wayar wuta, ka riƙa yawo da rautar taga-taga, kowane wuri ka ba ta minti ɗaya ka sabunta shafin ka rubuta lambar. Za ka sha mamaki yadda taku biyar ke canza lissafi. A gidana tagar kicin ce ta ci gasar, ita ce ke kallon turken sabis ɗin da ke bayan makarantar unguwa, alhali ni falo na so.

Akwai kuma wata matsala mai ruɗarwa: saƙon WhatsApp yana shiga amma shafuka sun ƙi buɗewa. Sau da yawa DNS ne, wato sashen da ke juya sunan shafi zuwa lambar da kwamfutoci ke ganewa. A saitin rauta ka nemi gurbin DNS ka saka 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, ka adana, ka sake kunna ta.

Adafta, wadda ba a cika zargi ba

Nan zan daɗe kaɗan, domin a ganina rabin rautocin da ke jibge a shagunan masu gyara adaftarsu ce ta gaji. Alamarta ita ce rauta ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta, musamman idan mutane sun hau da yawa ko an fara sauke babban abu. Fitilu su ɗauke gaba ɗaya, su dawo, bayan minti goma a maimaita. Dalili shi ne kayan cikin adafta suna raunana da zafi da hawa da saukar wuta, sai ta iya riƙe rauta tana zaune amma ta kasa idan aiki ya yi nauyi. Wutar NEPA da ke zuwa rabi-rabi da ƙaramin janareto mai tari su ne manyan masu kashe ta.

Karanta rubutun jikin adaftar. Za ka ga kamar 12V 1A, ko 12V 1.5A, ko 9V. Ƙa'idar sauya ta ba ta da wuya. Lambar V, wato ƙarfin wutar, dole ta zama daidai da ta asali, ba ƙari ba ragi. Lambar A kuwa, wato yawan wutar da adaftar ke iya bayarwa, ta yi daidai ko ta fi, domin rauta abin da take buƙata kawai take ja. Bakin ya shiga daram ba ya rawa, kuma ɗan zanen da ke nuna tsakiyar bakin ce mai alamar tarawa ya yi daidai da na tsohuwar. Kada ganin baki ya shiga ya ruɗe ka. Adaftar kwamfutar cinya mai 19V tana iya shiga ramin wata rautar, kuma ƙauri ne zai ba ka labari. A gida mai yara, inda adaftar dikoda da ta rauta da ta fitilar caji duk baƙaƙe ne masu kama ɗaya, ka manna wa kowacce takarda da suna.

Abin da ya fi kawo sauƙi shi ne ƙaramin batirin rauta, wanda 'yan kasuwa ke kira mini UPS. Ana saka shi tsakanin soket da rauta, in an ɗauke wuta ba ta ma sani ba. Rauta ba ta da cin wuta, yawanci wat 6 zuwa 12 ne, shi ya sa ɗan ƙaramin batiri ke riƙe ta sa'o'i. In za ka saya, ka tabbata yana da mafita mai V irin ta rautarka, kuma ka duba maɓallin zaɓen V ɗin kafin ka jona. In ba ka da shi, ka saba da zare rauta kafin a juya layi zuwa janareto, sai injin ya daidaita a mayar. Masu sola da inbata sun huta da yawancin wannan.

Da damina kuma, hadari in ya haɗo da tsawa, zare ta daga bango, ka zare duk wani kebul na tagulla da ya shigo daga waje, ko na eriya ko na wani sashen gida. Kashe makunnin soket kawai bai isa ba.

Inda za ta zauna

Wayifai ba ya son abu uku: ƙarfe, ruwa, da kankare mai rodi. Ƙofar ƙarfe, firji, madubi babba, tankin ruwa, kankaren da ke tsakanin hawan sama da na ƙasa, duk suna cinye shi. Katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidaje ma ba ta barinsa ya wuce da ƙarfinsa. Gidajenmu kuma a shimfiɗe suke, daga zaure zuwa turakar maigida zuwa ɗakunan cikin gida, kowanne da bangonsa. Idan ka ajiye rauta a falon gaba, rabin siginar titi take tafiya, uwargida a can ƙurya tana ɗaga waya sama.

Ka nema mata tsakiyar inda ake zama, a sama kamar tsayin kafaɗa ko fiye, a fili, ba a ƙasa ba, ba a bayan talabijin ba. Masu eriya a tsayar da su. Mai layi kuwa sai an yi sulhu tsakanin tagar da ta fi sabis da tsakiyar gida, kuma ni na fi ba taga gaskiya, domin abin da bai shigo ba ba ya rabuwa.

Rautoci da yawa suna watsa wayifai kashi biyu, 2.4GHz da 5GHz. Na farko ya fi nisa da ratsa bango amma ya fi cunkoso, na biyu ya fi gudu amma bango biyu sun ishe shi. Na biyun nan, wanda sunansa kan ƙare da 5G, ba shi ne 5G na kamfanonin waya ba, suna ne ya zo ɗaya. Talabijin da kwamfutar da ke ɗaki ɗaya da rauta su hau na 5, na nesa su hau 2.4. A gidan haya ko rukunin shaguna inda za ka ga sunayen wayifai goma sha, shiga saitin 2.4 ka canza tasha da hannu. Tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

In gida ya yi girma, na'urar ƙara zango da ake sokawa a soket tana taimakawa, amma galibi tana raba gudu biyu, kuma dole a sa ta inda sigina ke da sauran ƙarfi, ba a ɗakin da ya mutu ba. Abin da ya fi shi ne a ja kebul na Cat6 daga rauta zuwa wancan sashen a saka rauta ta biyu. Kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da ya raunana ba. A sa shi cikin bututu saboda rana da ɓeraye.

Zafi da ƙura

Yawancin rautocin gida an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma kowa ya san abin da bazara ke yi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, balle ɗaki mai rufin kwano ba silin. Kada rana ta riƙa dukanta ta taga, kada a ɗora ta kan dikoda ko inbata, kada a ɗora mata komai. 'Yan ramukan jikinta ta nan take numfashi. Da hunturu, duk mako biyu ka zare ta daga wuta, ka bi ramukan da busasshen burushin fenti ko tsohon burushin haƙori, ka goge jikin da busasshen ƙyalle. Ban da ruwa, ban da fetur. Idan ƙaramar rautar aljihu ce mai batiri, ka riƙa buɗe bayanta kana dubawa. Batirin da ya kumbura a daina amfani da shi nan take.

Su wa ke shan datar?

Idan da safe tana gudu, da dare daga ƙarfe takwas ta zama kunkuru, mai yiwuwa turken unguwa ne ya cika, wannan kuwa sai haƙuri ko sauya kamfani. Amma kafin ka yanke hukunci, duba jerin na'urorin da ke haɗe a shafin saiti. Na taɓa ƙirga 17 a gidan da mutum shida ke kwana. Da na leƙa waje bayan isha'i sai ga samari a jere kan dakali, kowa fuskarsa na haske. Ba wanda ya yi kutse. Yaron gidan ne ya nuna wa abokinsa lambar QR da waya ke fitarwa mai ɗauke da kalmar sirrin wayifai, abokin ya nuna wa wasu.

Toshe su ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne, domin wayoyin yanzu, tun daga Android 10 da iOS 14, suna iya sauya lambar shaidar da rauta ke gane su da ita. Canza kalmar sirri kawai, mai harafi 12 ko fiye, ba lambar wayar maigida ba, ba sunan auta da shekarar haihuwarta ba. Nau'in tsaro ya zama WPA2 ko WPA3, ban da WEP wanda an daɗe da fasa shi. Kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Sannan ka canza kalmar shiga saitin kanta, domin in ka bar ta admin, duk wanda ya hau wayifai ɗinka zai iya shiga ya yi yadda ya ga dama. Maƙwabci kuma ba a hana shi gaba ɗaya, kunya ma ba za ta bari ba. Buɗe masa wayifai na baƙi, wanda yawancin rautoci ke da shi, mai kalmar sirri daban da za ka iya canzawa duk wata ba tare da ka tayar da hankalin gida ba.

Wani ɓarawon a aljihunka yake. Waya da kwamfuta suna ɗauka duk wayifai kyauta ne, da sun hau sai su fara sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya. A saitin wayifai na Android da Windows akwai inda za ka nuna cewa wannan layin na awo ne, sai su kama kansu. Bidiyo mai tsabta sosai yana iya cin gigabait 1 zuwa 3 a awa guda, don haka a rage tsabtarsa a talabijin ɗin yara. In za ka auna gudu, buɗe fast.com kana kusa da rauta, sauran mutane sun sauka. Ka tuna megabit ake nuna maka, sai ka raba takwas kafin ka samu megabait: layin megabit 20 zai sauke kamar megabait 2.5 a daƙiƙa.

Duk wata uku ka leƙa shafin sabunta manhajar rauta, inda aka rubuta Firmware ko Update. Sabuntawa tana toshe kafofin tsaro. Sharaɗi ɗaya ne: kada wuta ta yanke ana tsakiyar yi, domin rautar na iya ƙin tashi har abada. Ka yi a kan batiri ko inbata, kuma in da hannu za ka sauke fayil ɗin, daga shafin kamfanin da ya ƙera ta kaɗai, mai lambar samfuri daidai da ta ƙarƙashin taka.

Sai yanzu Reset

Lokacinsa biyu ne: ka manta kalmar shiga saiti, ko ka bi duk abin da ke sama, layin yana aiki a waya, adafta lafiya, amma rauta ta ƙi. Kafin ka danna, ɗauki hoton kowane shafin saiti in kana iya shiga, musamman APN a mai layi, wato saitin da ke haɗa layin da intanet ɗin kamfaninsa, da suna da kalmar PPPoE a ta faiba, waɗanda rauta ke shiga intanet ɗin kamfani da su. Ni na koyi wannan da tsada. Na goge tawa wani daren Asabar ban san akwai wata kalma da mai haɗawa ya saka ba, sai ranar Talata aka turo wanda ya mayar, na kuma biya kuɗin mai. Idan akwatin na kamfani ne, kira su tukuna.

Rauta tana kunne za ka soka tsinke a ramin, ka riƙe kamar daƙiƙa 10 har fitilu su ɗauke, ka saki, ka jira minti uku. Za ta dawo da suna da kalmar sirrin da ke kan takardar ƙarƙashinta. Shiga saiti ka mayar da APN ko PPPoE, ka canza kalmar shiga. Idan ka sa wa wayifai ainihin tsohon sunansa da tsohuwar kalmar sirrinsa, harafi da harafi, duk wayoyin gidan za su hau da kansu ba sai ka bi su ɗaki-ɗaki ba.

In bayan wannan ma ta ƙi, ka ari adafta mai kyau ka gwada sau ɗaya. Idan ba ta tashi ba, ko tana tashi amma sunan wayifai ba ya fitowa ko kana tsaye a kanta, to ta gama aikinta. In za ka sayi wata, ka tambaya ko tana karɓar layin kowane kamfani ko an kulle ta a kan ɗaya, ka sa mai shago ya saka layinka ya kunna a gabanka, ka buɗe shafi biyu ko uku kafin ka miƙa kuɗi.